Tsohon da Ba Ya Roƙo, Haƙƙinsa Yana Kan Wa?



'Yan uwa, da an ce tsoho matalauci, wanda yake fara zuwa mana a rai shi ne dattijon da ke zaune a ƙofar masallacin Juma'a da ƙoƙonsa. To shi wannan ana ganinsa, ko ba yawa ana jefa masa. Wanda nake so mu tattauna a kansa yau shi ne wanda ba ya fitowa: manomin da ƙarfi ya ƙare masa, telan da ido ya daina ganin kafar allura, gyatumar da mijinta ya rasu, 'ya'ya kuma kowa ya kama gabansa. A Suratul Baƙara, aya ta 273, Allah Ya ba mu labarin mabuƙatan da wanda bai san su ba zai ɗauka mawadata ne, saboda kamun kansu. Da yawan tsofaffinmu haka suke.

Mafi yawansu ba su taɓa aikin albashi ba, balle a yi maganar fansho. Ƙarfinsu shi ne jarinsu, ya kuma tafi. Tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, abinci da magani suka yi tashin gwauron zabi. Mai hawan jini ko ciwon suga kuwa kullum sai ya sha magani. Sai ka tarar tsoho yana raba ƙwaya biyu don ta kai shi ƙarshen wata.

To nauyin nan a kan wa yake? Shari'a ta jera shi daki-daki.

Na farko, 'ya'ya. A mazhabarmu ta Malikiyya, ciyar da iyaye matalauta wajibi ne a kan ɗa ko 'ya mai hali, kowa gwargwadon samunsa. Wannan bashi ne a wuyanka, ba alfarma kake yi musu ba. Shi ya sa malamai suka ce ba ka ba mahaifinka ko mahaifiyarka zakkarka, domin ka biya wajibi ɗaya ne da kuɗin wani wajibin. Ɗan abin da kake turawa sai da salla, wallahi bai sauke maka ba.

Na biyu, dangi. Baffa, gwaggo, kawu, inna, idan mabuƙata ne ya halatta ka ba su zakka, har ma sun fi na nesa cancanta. Lada biyu ke nan: na sadaka da na zumunci.

Na uku, jama'a da hukuma. Alƙali Abu Yusuf ya kawo a Kitabul Kharaj cewa Sayyidina Umar (RA) ya ga wani tsoho Bayahude yana bara, ya kai shi gida ya ba shi abin da ya samu, sannan ya sa a yanka masa rabo daga baitulmali, aka kuma ɗauke masa jiziya, shi da ire-irensa. Ku lura, bai sallame shi da kyautar rana ɗaya ba, tsari ya kafa.

Irin wannan tsarin nake kiran kowane masallacin unguwa ya yi:

1. A zaɓi amintattu uku, a haɗa da mace, domin ita ce za ta iya shiga ɗakin gyatuma ta ga tukunyarta.
2. A rubuta sunayen tsofaffin da ba su da mai kula da su, littafin ya tsaya a hannun kwamiti kawai.
3. A tsayar da abu na kowane wata, ko da kwano biyu na hatsi ne da kuɗin magani. Kaɗan mai ɗorewa ya fi buhun da sai azumi ake ganinsa.
4. A kai musu har gida, da dare in ya yiwu. Ba layi a rana, ba ɗaukar hoto a watsa a Facebook.
5. Wanda 'ya'yansa ke da hali, liman ya kira su a asirce ya yi musu nasiha.

Kuma idan ka je, ka zauna a gaisa a yi hira. Wani tsohon, kaɗaici ya fi yunwa cin sa.

Kafin Juma'a mai zuwa, ka ƙirga gidajen layinku: wane tsoho ne ka kwana biyu ba ka gani a sahu ba? Je ka duba shi.

Allah Ya jiƙan iyayenmu, Ya sa tsufanmu ya zo da sutura. Amin.