Yarinyar Da Aka Yi Wa Fyaɗe: Asibiti Da Hukuma Kafin Zancen Sulhu

Abin da ya fi ƙona mini rai cikin sha'anin yaran da ake yi wa fyaɗe shi ne, galibi iyaye ba su neman shawara sai bayan ciki ya bayyana, an kai yarinya wurin mai kemis a ɓoye, an zubar, an biya, an komo da ita gidan da azzalumin yake shiga yana fita, alhali sau da yawa kawu ne, ko maƙwabci, ko malamin da aka danƙa wa amanarta.

Ya kamata a fahimci dalilin da ya sa mai wannan sana'a ba ya kai rahoto. Tun da dokar Final Kod ta jihohin Arewa ta haramta zubar da ciki in ba don ceton ran uwa ba, to duk wanda ya aikata shi a ɓoye ya san ranar da ya tona asirin mai fyaɗe nasa ma ya tonu. Saboda haka ba zai tambayi shekarun yarinya ba, balle wanda ya yi mata, kuma a hannunsa hujjar da alƙali zai dogara da ita take salwanta, wani lokaci har da ran yarinyar.

Shawarata ga uwa ita ce ta fara da asibiti tun kafin taron dangi, kada ta yi wa yarinya wanka, kada ta wanke tufafinta, ta naɗe su a takarda maimakon leda. Maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake amfani, a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki kuwa iyakarsa kwana 5. A Kano akwai cibiyar Waraka a Asibitin Murtala, a jihar Kaduna akwai cibiyoyin Salama, inda ake duba yara kyauta, a rubuta rahoton likita, a haɗa iyaye da 'yan sanda. Dokar lafiya ta ƙasa ta 2014 ta hana ma'aikacin lafiya ƙin ba da taimakon gaggawa, don haka kada a yarda a ce sai an kawo takardar 'yan sanda tukuna.

Haƙiƙa a caji ofis akan tarar da jinkiri, wani sa'in ma a matsa wa iyaye su karɓi kuɗin magani a rufe magana. In haka ta faru, sai a garzaya ga lauyoyin mata na FIDA, ko Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam, ko NAPTIP, wadda ke riƙe da rajistar masu laifin fyaɗe tun 2019. Masu kafa hujja da suturta Musulmi kuwa, su sani sutura ba ta hau kan wanda sharrinsa ke ci gaba da afka wa raunana ba, kuma fuƙaha'un Malikiyya sun ɗauki gaggawar kai kuka a matsayin alamar tilasci, don haka jinkiri yarinya yake cutarwa.

In ciki ya riga ya shiga, likitan mata na asibitin gwamnati shi ne mai tantance ko rayuwarta na cikin haɗari. Kafin nan a ɗauke ta daga inda mutumin zai iya kaiwa gare ta, mace guda mai natsuwa ta saurare ta ba tare da tsawa ko maimaita tambaya ba, kuma kada a taɓa tsayar da ita gabansa wai don ta faɗa a kan idonsa.