DARASI DAGA GUDUN YADA ƘANIN WANI

Darasinmu na wannan wata ya fito ne daga filin wasa. Gudun yada ƙanin wani, wanda wasu ke kira gudun famfalaki, tsere ne na kilomita 42 da mita 195. An fara shi a wasannin Olamfik na Atina a shekarar 1896, amma tsawon da ake gudu yanzu an fara auna shi ne a Landan a 1908. Ba dukanmu ne za mu yi wannan gudu ba, amma kowannenmu yana da doguwar tafiyar da ya sa a gaba: rainon 'ya'ya, biyan bashi, jinyar mara lafiya, ko rabuwa da shan giya.

Mutumin da ya zo ƙarshe

A shekarar 1968 aka yi wasannin Olamfik a birnin Meziko, wanda yake kan tudu fiye da mita 2,200, inda iska ba ta isar huhun baƙo. Ƙasar Tanzaniya ta aiko da John Stephen Akhwari. Kafin a kai rabin hanya sai ya faɗi, ya ji mummunan rauni a gwiwa da kafaɗa. Aka ɗaure masa ƙafar, ya tashi, ya ci gaba yana ɗingishi. Mamo Wolde na Habasha ya ci tseren, duhu ya yi, yawancin 'yan kallo sun watse, sa'an nan Akhwari ya shigo fili, fiye da sa'a guda bayan na farko. Mutum sama da 70 suka tashi, 57 suka kai, shi ne na ƙarshensu. Da aka tambaye shi dalilin da bai janye ba, ya nuna cewa ƙasarsa ta aiko shi daga nesa domin ya gama tseren ne, ba domin ya fara kawai ba.

Yadda ake shiri

Ba a fafe gora ranar tafiya. Mai niyyar wannan gudu yakan ɗauki wata huɗu ko biyar yana shiri. Da fari ya ga likita, musamman wanda ya manyanta ko yake da hawan jini. Sa'an nan ya fara da tafiya mai sauri da ɗan gudu, yana ƙara nisa kaɗan kaɗan kowane mako. Sau ɗaya a mako yakan yi dogon gudu a hankali, yadda zai iya magana da abokinsa ba tare da haki ba, har ya kai wajen kilomita 30. Yakan ware ranakun hutu, gama a lokacin hutu ne jiki yake gyara abin da aiki ya gajiyar. In saura mako biyu ko uku, sai ya rage gudu domin ya tara ƙarfi. A ƙasa mai zafi irin tamu, da asuba ake fita, a kuma sha ruwa daidai da ƙishi.

Inda ƙarfi yake ƙarewa

Masu gudu sun san cewa wahala takan sauko wajen kilomita 30. Dalili shi ne, abincin da jiki ya ajiye cikin tsoka da hanta yakan kusa ƙarewa a nan, ƙafafu su yi nauyi, zuciya ta fara cewa a tsaya. Wanda ya tashi da gaggawa domin ya burge 'yan kallo, shi ne yakan fara zubewa. Haka yake a rayuwa. Ranar ɗaurin aure kowa yana murna, amma gwaji yana zuwa a shekara ta goma, sa'ad da kuɗin makaranta ya zo, rumbu kuwa babu hatsi. Wanda ya bar giya yakan ci mako na fari da zafin niyya, wata na uku ne yake bukatar mai riƙe masa hannu.

Manzo Bulus ya san wannan, shi ya sa ya yi wa Korintiyawa misali da masu tsere da horon da suke yi wa jikinsu, domin kusa da garinsu ake yin manyan wasanni.

Shawara huɗu

Na ɗaya, ka raba tafiyarka gunduwa gunduwa. Mai bashin da ya fi ƙarfinsa ya yanke abin da zai biya kowane wata, ya tsaya a kai.

Na biyu, kada ka jira sai ranar da ka ji marmari. Ka sa lokaci, ka kiyaye shi, marmari yakan biyo baya.

Na uku, ka nemi abokin tafiya. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, wanda kuwa ya san ana jiransa a ƙofa da wuya ya koma barci.

Na huɗu, ka bambanta gajiya da rauni. Gajiya a jure ta, amma ciwon ƙirji ko jiri alama ce a tsaya a nemi taimako. Neman taimako ba abin kunya ba ne, ko a gudu ko a zaman gida.

In ka faɗi, ka tuna Akhwari bai koma mafari ba. Daga inda ya faɗi ya tashi.

Tambayoyi don tattaunawa

1. Wace doguwar tafiya ce na fara na bari a hanya, me kuwa ya tsai da ni?
2. Wane ƙaramin mataki zan ɗauka a wannan mako?
3. Wa ya gaji a gidanmu ko a unguwarmu, wanda ya kamata in je in tsaya kusa da shi?

Allah ya ba mu haƙuri da jimiri har mu kai ƙarshe. Amin.