Amsoshin Tambayoyinku: Me Ya Haɗa Lissafin Diskirit da Rubuta Manhaja?

Tambaya: Malam, ina karatun kimiyyar kwamfuta a jami'a. Burina in ƙware a rubuta manhaja, sai ga shi ana koya mana lissafin diskirit, da mantiƙi da kafa hujja. Ina amfaninsa gare ni? Daga wani ɗalibi, Mabera, Sakkwato.

Amsa: Ƙanena, kwamfuta ba ta san komai ba sai abin da ke ƙirguwa ɗaya bayan ɗaya. A can cikinta babu wani abu sai sifili da ɗaya, kuma wannan darasi shi ne lissafin irin waɗannan abubuwa. Mantiƙin da George Boole ya wallafa a 1854 shi Claude Shannon ya nuna a 1937 cewa ana iya gina shi da makunnan lantarki. Duk sharaɗin "idan kaza, to kaza" da ka rubuta a manhaja, a kansa yake tafiya.

Ɗauki wannan misali. An ce ka rubuta manhajar da za ta tsara wa ɗan kabu-kabu hanyar kai saƙo wurare 10, daga Gawon Nama zuwa Arkilla, Runjin Sambo, har mazaunin Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Dundaye. Wanda bai yi diskirit ba zai ce kwamfuta ta gwada kowane jeri ta zaɓi mafi kusa. Jerin wurare 10 guda 3,628,800 ne, za ta gama nan take. To a mai da wuraren 20. Ko tana gwada jeri biliyan ɗaya kowace daƙiƙa, sai ta yi shekara 77 tana abu ɗaya. Manhajar ba ta da kuskuren rubutu ko ɗaya, amma ba ta da amfani, kuma lissafi kaɗai zai gaya maka haka tun kafin ka taɓa madannai. Mai da unguwanni ɗigo, tituna layi, shi ne fannin da Leonhard Euler ya faro a 1736 da gadoji bakwai na birnin Konisbag, wanda Edsger Dijkstra ya fitar da dabarar gano gajeriyar hanya a cikinsa a 1959.

Kuma kada ka ɗauka baƙon ilimi ne a ƙasar Hausa. Muhammad al-Kashinawi, Bakatsinen da ya rasu a Alƙahira a 1741, ya rubuta ƙa'idojin jera lambobi a gidajen hatimi ta yadda kowane layi zai ba da jimla ɗaya, mataki bayan mataki.

Abin da ya fi damuna shi ne haddace hujja don jarrabawa. Wannan asarar zango ce. Duk ƙa'idar da aka koya muku a mako, zauna ka mai da ita ƙaramar manhaja da Python. Fara da hanyar Yuklid ta gano babbar lambar da ke raba lambobi biyu: layi huɗu ko biyar ne. Idan ta yi aiki, ɗauki biro ka rubuta dalilin da ya sa dole ta tsaya, kowace lamba aka ba ta.