Cikar ciki daban, ginin jiki daban



Aikina shi ne ba marasa lafiya shawara kan abinci, abin da na karanta kuma shi ne yadda jiki ke sarrafa abin da aka ci. Mutum iri biyu ne suka fi zama a bencin da ke gabana. Akwai dattijo ko dattijuwa da aka auna aka ce sukari ya hau, kuma maganarsu kusan ɗaya ce: "Ɗana, ni fa ba na shan zaƙi, ko shayi lami nake sha." Akwai kuma uwa riƙe da yaron da aka yaye, ya rame ko ƙafafunsa sun kumbura, ita ma abin da take cewa bai wuce: "Wallahi malam yana cin abinci, bai taɓa kwana da yunwa ba." Dukansu gaskiya suke faɗa. Idan na tambayi abin da aka ci jiya da shekaranjiya, sai in tarar kwanon gidajen biyu iri ɗaya ne: koko da safe, shinkafa ko taliya da rana, tuwo da dare, miya 'yar kaɗan a gefe.

Abin da ke ba jiki ƙarfi ya kasu gida uku: sitaci da dangin sukari, mai, da furotin. Kowanne da hanyar da yake bi, biyu suna da inda ake ajiye su, ɗaya daga ciki kuma ba shi da ma'ajiya ko kaɗan. Ɗaliban da ke karanta wannan fanni a Jami'ar Tarayya ta Dutsin-Ma, wadda aka kafa a 2011, kan yi zango guda suna haddace matakansa. Mai girki da mai cefane ba su buƙatar haddar, amma suna buƙatar sanin inda hanyoyin uku suka nufa.

Kowane tuwo sukari yake komawa

Gero, dawa, masara, shinkafa, alkama, acca, rogo da dankali, mafi yawan abin da ke cikinsu sitaci ne. Sitaci kuwa ƙwayoyin sukari ne da aka jera cikin doguwar sarƙa, shi ya sa harshe ba ya jin zaƙinsa. Tun a baki yawu ke fara tsinka sarƙar, ƙaramin hanji ya ƙarasa, sai ta koma sukarin da ake kira gulukos ya shiga jini. Wanda ya ci malmala uku ta tuwon shinkafa ya zuba wa jininsa sukarin da ya fi na wanda ya sha shayi da cokali biyu, nesa ba kusa ba.

Jini ba ya ɗaukar sukari da yawa. Duk abin da ke yawo a jinin baligi mai lafiya kafin ya karya kumallo bai fi cikin ƙaramin cokali ɗaya ba, wajen giram 4 zuwa 5. Da zarar ya fara hawa bayan cin abinci, wata halitta da ke kwance bayan tumbi, fankiriyas, za ta saki sinadarin insulin. Shi ne ke sa tsoka da kitse su buɗe su karɓi sukarin, ya kuma sa hanta ta ƙulle wani kaso ta ajiye. Wani masanin Faransa, Claude Bernard, shi ya fitar da wannan ajiya daga hanta a 1857, ana kiranta gilaikojin. Ba ta da yawa: hanta na riƙe kimanin giram 100, tsokoki kuma wajen giram 400, kuma na tsoka tsokar ce kaɗai ke amfani da shi. Idan ma'ajiyar ta cika ana ci gaba da ci, hanta kan juya rarar ta koma kitse. Ga amsar mai tambayar yadda ya yi tumbi alhali ba ya cin maiƙo.

Ciwon sukari yana samuwa ne idan insulin ya yi ƙaranci ko jiki ya daina jin maganarsa. Sai sukari ya taru a jini, ƙoda ta riƙa zubar da shi cikin fitsari tare da ruwa. Daga nan yawan fitsari da ƙishirwa da kasala suke, mutum yana ci yana ramewa. Kafin masu bincike Banting da Best su fitar da insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, yaron da ya kamu da nau'in da jiki ke daina yin sinadarin baki ɗaya ba ya daɗewa a duniya. Nau'in da ya fi yawa a cikin manyanmu kuwa a hankali yake shigowa, yana iya shekaru ba a sani ba, yana taɓa ido da ƙoda da jijiyoyin ƙafa.

Akwai magana biyu da nake yawan gyarawa. Ta farko, cewa mai sukari ya koma cin alkama ko acca ya ci iya cinsa. Su ma sitaci ne, idan aka cika kwano da su awon zai hau. Abin da ke kawo sauƙi shi ne rage yawan tuwon, barin dusa a jikin hatsi, da haɗa shi da wake da ganye, domin suna rage saurin shigar sukari cikin jini. Ta biyu, cewa zuma ba ta da laifi. Zuma abinci ce mai albarka, amma mafi yawanta sukari ne, mai ciwon sai ya lissafa ta. Lemon kwalba kuwa ya fi kowa sauri: robar santilita 50 kan ɗauki kusan giram 50 na sukari, wato kusan duk abin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada baligi ya wuce a yini, ƙaramin cokali 12 ke nan.

Mai: ajiyar da ba ta da iyaka

Giram ɗaya na sitaci ko furotin yana ba da kalori 4, giram ɗaya na mai yana ba da 9. Man gyaɗa, manja, man shanu da kitsen nama ba su gaurayuwa da ruwa, don haka sai ɗacin da hanta ke yi, wanda ke taruwa a matsarmama, ya zubo cikin hanji ya farfasa su kafin a tsotse. Abin da jiki bai ƙona ba yakan tafi ƙarƙashin fata da kewayen hanji, kuma wannan ma'ajiya ba ta cewa ta cika. Kitsen da ya taru a ciki shi ya fi haɗari, domin yana daga cikin abin da ke sa jiki ya daina jin insulin.

Duk da haka, kada a ɗauki mai a matsayin abokin gaba. Bitamin A, D, E da K ba su shiga jiki sosai sai da maiƙo. Kwaɗon zogale da aka sa wa ƙuli-ƙuli da ɗan man gyaɗa ya fi zogalen da aka ci gaya amfani, manja kuma yana ɗauke da abin da jiki ke mayarwa bitamin A. Ga ƙaramin yaro, wanda cikinsa bai ɗaukar abinci da yawa, ƙaramin cokali na mai a cikin kununsa yana ƙara masa ƙarfi ba tare da ya cika masa ciki ba. Babba mai zaman shago ko ofis shi ya kamata ya sassauta wa soye-soye, yaro mai shekara ɗaya kuwa a ƙara masa.

Furotin: ba a ajiye shi don gobe

Da furotin ake gina tsoka, jini, fata, gashi, garkuwar jiki, har da shi kansa insulin. Tumbi da hanji kan warware shi zuwa ƙananan ɓangarori iri 20 da ake kira amino asid. Jiki na iya haɗa 11 da kansa, sauran 9 dole sai daga abinci. Idan an ci fiye da buƙata, hanta kan cire sinadarin naitirojin ta mayar da shi yuriya, ƙoda ta fitar cikin fitsari, ragowar a ƙona ko a mayar kitse. Wani masani, Hans Krebs, shi ne ya gano wannan hanya ta yuriya a 1932, sannan a 1937 ya gano mahaɗar da sitaci da mai da furotin ke bi a ƙone su cikin ƙwayoyin halitta, aikin da ya kai shi ga lambar Nobel a 1953.

Abin lura a nan shi ne naman da aka ci da babbar salla ba ya jiran mutum har watan gaba. Furotin kullum ake buƙatarsa. Baligi na neman kusan giram 0.8 a kan kowane kilo na nauyinsa, wato mai kilo 60 yana buƙatar wajen giram 48 a yini. Mai ciki, mai shayarwa da yaro mai tasowa buƙatarsu a kan kowane kilo ta fi haka.

Hatsi yana da furotin, sai dai yana da ƙarancin ɗaya daga cikin taran nan, mai suna laisin. Wake yana da shi da yawa, hatsi kuma yana cike abin da wake ya gaza. Shinkafa da wake, koko da ƙosai, fura da nono, duk haɗi ne da iyayenmu suka gada kuma ilimi ya tabbatar da ingancinsa. Damuwata ita ce yadda ake raba su yanzu. Magidanci ya noma wake da gyaɗa da waken suya, ya kai kasuwa ya sayar, ya dawo da kwalin taliya. Kaji na yin ƙwai a gida amma ba a ba yaro, wai zai koyi sata. Masunta na fito da kifi daga madatsar ruwa ta Zobe, mafi yawansa ya wuce birni. Na san tsadar rayuwa da matsalar tsaro da ta hana wasu ƙauyuka noma sun matse mutane, ba kowa ne ke da zaɓi ba. Amma mai zaɓi ya rage tiya biyu ko uku na wake a gida kafin ya ɗaure buhu.

Idan abinci ya yanke

Jiki yana da tsarin da yake bi. Sitaci kamar kara yake a murhu, nan da nan ya kama nan da nan ya cinye. Mai kamar gungume ne, yana daɗewa yana ci. Furotin kuwa azarar ɗaki ce, ba a sa ta a wuta sai an rasa yadda za a yi. Bayan 'yan sa'o'i da cin abinci hanta kan fara sakin ajiyarta, wadda ba ta wuce ta kusan yini guda ba, kitse kuma ya fara narkewa. Sai dai ƙwaƙwalwa na cin kusan giram 120 na gulukos a kullum, kuma jiki ba ya iya mayar da mafi yawan kitse sukari. Idan yunwa ta yi tsawo, dole ya fara warware tsokarsa.

Abin da ke faruwa da yaro mai tamowa ke nan. Tsinkakken koko yana cika masa ciki da ruwa, ga zawo ko ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro na ƙara cinye shi, sai hannu da cinya su tsotse. Wani kuma ƙafafu da fuska su kumbura, gashi ya yi ja ya yi laushi, har a zaci ƙiba ce ko iska. Likita Cicely Williams ta bayyana wannan nau'i a ƙasar da ake kira Gana yanzu tun a 1933, a jikin yaran da aka yaye da kunun masara. Abincin gyaɗa na cikin leda da ake ba masu tamowa, wanda aka gwada sosai a Maraɗi lokacin yunwar 2005, haɗi ne na gyaɗa, madara, mai, sukari da bitamin, leda ɗaya kalori 500. Magani ne na yaron da aka rubuta wa, kada a raba wa 'yan'uwansa, kada a kai kasuwa.

Azumin mai lafiya bai kai ga cin tsoka ba, domin buɗa-baki da sahur suna mayar da ajiyar hanta. Mai ciwon sukari da ke shan magani ko allura shi ne zai ga likita tun cikin Sha'aban. Idan yana azumi ya ji karkarwa, gumi ko jiri, ya auna. Awon da ya sauka ƙasa da 70 ko ya haura 300 alama ce ta a sha ruwa nan take.

Abin da nake roƙo

Babba ya raba kwanonsa: rabi ganye da kayan lambu irin su zogale, rama, kuɓewa da kabeji, kwata tuwo ko shinkafa, kwata wake, awara, kifi, ƙwai ko nama. Wanda ya haura shekara 40, ko yake da tumbi, ko akwai mai sukari a danginsa, ya je a auna shi da safe kafin ya ci komai. Awon da ya kai 126 ko ya wuce, aka maimaita aka sake samun haka, ciwon sukari ne, kuma babu jiƙon da zai maye gurbin magani. Tafiyar minti 30 a kullum tana taimakawa, domin tsokar da ke aiki tana jan sukari daga jini. Mai ciwon ƙoda kada ya ƙara furotin sai da shawarar likita.

Jariri nonon uwa zalla har wata 6, daga nan a fara ba shi kunu mai kauri ana ci gaba da shayarwa har shekara 2. Garin da muke koya wa iyaye mata mai sauƙi ne: gwangwani 6 na gero ko dawa, 3 na waken suya, 1 na gyaɗa, a soya kowanne sama-sama, a surfe waken, a niƙa tare. Idan an danna bayan ƙafafun yaro biyu da yatsa wurin ya lotsa, ko awon damtsensa ya shiga ja, ƙasa da santimita 11.5, a kai shi asibiti a ranar.

Maigida, cefane a hannunka yake. Uwargida, ke ce mai rabon kwano, a fara zuba wa ƙaramin yaro wake da kifin kafin manya. Wanda ya karanta wannan ya karanta wa wanda bai iya ba. Allah Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya sa albarka a abin da muke ci.