Maganin fuka da maganin damuwa: mu yi hattara wajen haɗa su

In hunturu ya kama, ƙura da hayaƙin murhu da ƙaiƙayin sussuka sukan tayar da fuka. Wasu daga cikin masu fuka kuma suna shan maganin ciwon damuwa. Darasinmu na yau shi ne abin da ke faruwa in magungunan nan biyu sun gamu cikin jiki ɗaya.

Maganin fuka na shaƙa

Wanda muka fi sani shi ne salbutamol, mai suna Ventoline, cikin ɗan famfo shuɗi. Yana buɗe hanyoyin iska na huhu cikin mintoci kaɗan. Amma yana sa zuciya ta ƙara sauri, hannu kuma ya yi rawa. Akwai wani iri, bekilometazon, wanda ake shaƙa kullum don rigakafi. Shi ba ya gaggauta zuciya.

Maganin damuwa

Ciwon damuwa cuta ce kamar sauran cututtuka. Mai shi yakan daɗe cikin baƙin ciki, barci ya gagare shi, ya rasa sha'awar aiki da abinci. Ɗaya daga cikin tsofaffin magungunansa shi ne amitiriftilin, mai suna Laroxyl. Ana ba da shi kuma don ciwon jijiyoyi. Shi ma yana ƙara saurin zuciya, yana busar da baki, yana sa gyangyaɗi.

Ina haɗarin yake?

Kowane ɗayansu yana sa zuciya sauri. In an haɗa su, nauyin yakan ƙaru a kanta, har bugunta ya iya rikicewa. Haɗarin ya fi yawa ga tsofaffi, da masu ciwon zuciya, da masu hawan jini, da wanda ke yawan fesa famfo. Ko bayan an bar shan amitiriftilin, ana yin hattara har sati 2, domin maganin ba ya barin jiki nan take. Sababbin magungunan damuwa, irin su Prozac, sun fi sauƙi ga zuciya. Duk da haka lokotoro ne zai zaɓa, shi ne kuma zai iya rage yawan magani ko ya sake wani.

Alamun da ba a jira da su

Bugun zuciya mai ƙarfi ko marar tsari, ciwon ƙirji, jiri, suma. Wanda ya ji ɗaya daga cikinsu, a kai shi likita ba tare da ɓata lokaci ba.

Abin da ya kamata mu yi

1. In za mu likita, mu tafi da dukan magungunanmu cikin kwalinsu, har da na gargajiya. Mu nuna su, kada mu ɓoye maganin damuwa don kunya.

2. In fuka ta tashi, a shaƙi famfo yadda aka umarta, ko da ana shan maganin damuwa. Fuka mai tsanani tana kisa. In numfashi bai dawo daidai ba, ko magana ta gagara, a garzaya likita.

3. Kada mu tsai da maganin damuwa da kanmu. Yakan ɗauki sati 2 zuwa 4 kafin a ji amfaninsa, kuma barinsa farat ɗaya yana iya maido da ciwon.

4. Wanda ke bukatar famfo shuɗi fiye da sau 2 a sati, fukarsa ba ta kwanta ba. Ya koma a duba shi, a ba shi na rigakafi.

5. Kada mu sayi ƙwayoyi hannun masu talla. Akwai maganin faɗuwar gaba da hawan jini mai suna Avlocardyl, wanda ke tsuke hanyoyin iska, ya kuma hana famfo aiki. Mai fuka ya nisance shi.

Tambayoyi

1. Wane sashen jiki ne magungunan biyu suke ɗora wa nauyi?
2. Mai shan maganin damuwa zai bar famfo in fuka ta tashi?
3. Me za mu riƙa in za mu ganin lokotoro?

Mu tattauna amsoshin a aji, sannan mu karanta wa iyalinmu darasin a gida.