Darasi: Kiyaye ordinater ta hannu

Ordinater ta hannu, wadda wasu ke kira kwamfuta, ta iso karkara. Magatakardan ƙungiyar manoma yana rubuta lissahin taki da na bashi cikinta. In ta lalace, lissahin jama'a ya ɓace, sai gardama ta tashi.

Abokan gabanta uku ne: zahi, ƙura da ɓarawo.

Zahi: injin ba ya son zahin da ya wuce digiri 35. A watan Afrilu, zahin Tawa da Damagaram yana wuce 40. A yi aiki da sahe, cikin inuwa. A aza ta bisa tebur, don katifa tana toshe kafofin da iska ke hita.

Ƙura: in an gama aiki, a ruhe ta, a sa ta cikin jaka, musamman lokacin hunturu.

Ɓarawo: a sa kalmar sirri mai tsawo. Kada ta zama sunan ɗa ko lambar tarho.

Kowace Juma'a, magatakarda ya kwahe lissahi cikin kile USB. Shugaban ƙungiya ya aje ta gidansa. Ko ordinater ta mutu, haƙƙin kowa yana nan.