Zafi da Sanyi a Cikin Tukunya: Darasi a Kan Tsami

Ɗalibai, duk wanda ya tashi a Maruda ko Kalgo ya san kindirmo yakan daskare da wuri a watan Afrilu, har ya yi tsami fiye da kima kafin a kai shi kasuwar Gwandu. A watan Janairu kuwa, sai madara ta kwana a ƙwarya ba ta kama ba. Madara ɗaya ce, mace ɗaya ce. Abin da ya canza shi ne zafi.

Masu yin wannan aiki waɗansu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani. Louis Pasteur na Faransa ya nuna haka a 1857, lokacin da ya yi bincike a kan tsamin madara. Bakteriya ce ke cin sukarin madara ta mayar da shi tsami. Yis kuma yakan ci sukari ya fitar da barasa da iskar da ke kumbura burodi. Tun da masu rai ne, kowanne yana da zafin da yake so. Yis yakan yi kuzari tsakanin digiri 25 da 35 a ma'aunin Salsiyas. In sanyi ya yi yawa sai ya yi barci, in zafi ya kai wajen digiri 60 sai ya mutu. Shi ya sa mai burodin da ya kwaɓa da ruwan da bai huce ba yakan yi asarar fulawarsa.

Ku lura da mai daddawa, don ni a ganina ita ce gwanar wannan fanni. Bayan ta dafa kalwa ta wanke, sai ta zuba a kwando ko ƙwarya, ta lulluɓe da ganye da tsumma, ta ajiye a lungu kwana biyu ko uku. Bakteriyar daddawa tana son ɗumi, kuma aikinta da kansa yana haifar da zafi. Lulluɓin nan shi ke tsare zafin. Da hunturu, sa'ad da dare kan sauka zuwa wajen digiri 15, sai ta ƙara tsumma ko ta matsar da kwandon kusa da murhu. Ba ta da ma'aunin zafi, bayan hannunta ya ishe ta.

Giya ma a kan wannan ƙa'ida take. Ba koya muku dafa ta nake yi ba, kun san matsayin makaranta da ikkilisiya, amma tarihinta ya shiga kimiyya. Burkutun dawa ba ya jimawa a ƙasa mai zafi, domin bayan yis ya gama, wata bakteriya takan juya barasar ta zama ruwan tsami cikin 'yan kwanaki. A yankin Bavariya na Jamus an hana dafa giya da rani a 1553, saboda ta lokacin zafi takan lalace. Neman sanyi ne ya sa wani gidan giya a birnin Munik ya karɓi injin sanyaya abu na Carl von Linde a 1873, kakan firjin da muke gani yau.

Mu kuma, da zafinmu kan wuce digiri 40 a bazara, muna da randa. Ruwan da ke tsattsafowa ta jikinta yakan bushe ya tafi da zafi. Malam Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, har ya sami lambar yabo ta Rolex a 2000. Kindirmon da ya riga ya kama, in aka sa shi a irin wannan sanyi, tsaminsa yakan yi jinkiri.

Ga aikin hutu. Ku sami kwalabe uku, kowace ku zuba rabin kofin ruwa, cokali ɗaya na sukari da rabin cokali na yis, ku rufe bakin da balan-balan. Ta farko da ruwan randa, ta biyu da ruwa mai ɗumi kamar jikin mutum, ta uku da tafasasshen ruwa (ku zuba a hankali kada kwalba ta fashe). Ku auna faɗin balan-balan da zare kowane minti 15 har awa ɗaya, ku rubuta, ku kawo a makon farko na sabon zango.